Agogon da Ka Bari a Kan Taga

Laranto, Jos.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka a ƙasar da ba ka da uwa ba ka da uba, ya raba ka da sharrin hanya da na mugun aboki. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙanwarka Hadiza ma haka. Ni ma na gaishe ka, don gaisuwa wajibi ce. Amma kada ka ɗauka na huce. Ban huce ba.

Ba labarin gida ne ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro ba. Kowa lafiya, ruwa kuma ana ta yi. Maganar agogo ce.

Ranar da za ka tafi, a zaure, a gaban mahaifiyarka, na kwance agogon hannuna na ɗaura maka. Ya fi shekara talatin a hannuna, ya girme ka. Ka durƙusa ka ce, "Na gode, Baba," har na ji sanyi a raina. Motarku na tashi Hadiza ta shiga share ɗakinka, sai ga ta ta fito da shi a tafin hannu. A kan taga ka ajiye shi, bayan labule, kusa da tsohon burushinka. Na ce mantuwa ce. Na faɗa wa mahaifiyarka haka, na faɗa wa kaina. Sai Hadiza, da yake magana ba ta kwana a cikinta, ta ce, "Baba, ba fa mantuwa ba ce. Yaya cewa ya yi in ya sa wannan a Jamus dariya za a yi masa. Wai agogon tsofaffi ne, duk ya kakkarce."

Abba, da a hannu ka mayar mini ka ce ba ka so, da zan ji zafi na yini ɗaya ya wuce. Amma ka durƙusa, ka yi godiya, ka je ka ɓoye bayan labule kamar abin kunya. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Sunan mahaifina gare ka, shi ya sa bakina ba ya iya zaginka, kuma ka san da haka tun kana ƙarami, ka daɗe kana cin albarkacinsa.

Shi ya sa ranar Juma'a da ka kira a wayar Hadiza, mahaifiyarka ta miƙo mini na ce ina yankan yadi. Ba yankan da nake yi. Ina zaune ina jin komai. Na ji ka ce a garin da kamfani ya tura ku koyon gyaran inji akwai wani tsoho mai haɗa agogo da hannunsa, kana so ka sayi naka na farko a wurinsa da ɗan abin da ya rage maka na guziri, kuma wai ka ga wani mai ruwan gwal ya shiga ranka. To, madalla. Tunda nawa bai yi maka ba, ka saya. Amma ɗan kuɗin nan wata shida za su riƙe ka, kuma ba zan zuba ido ka zubar da su yadda na zubar da nawa ba. Ka saurara, don ban taɓa ba ka labarin nan ba.

Agogon da ka raina, shi ma ɗan Jamus ne. A wurin Bajamushe na saye shi, a nan Jos. Wani tsohon Bature ne da ya zo tun zamanin haƙar kuza yana gyaran injuna, da ƙarfi ya ƙare sai ya buɗe ɗan ɗaki a wajen Rayfield yana haɗa agogo da gyarawa. Ban taɓa iya faɗin sunansa ba, Bature Mai Agogo kowa ke ce masa. Hausarsa irin ta kasuwa ce, ba ya bambanta mace da namiji, amma ana ganewa.

Shekarar da na fara cin gashin kaina a ɗinki, bayan ƙaramar Salla, na ɗaure abin da na samu a hankici na hau keke na tafi wurinsa. Ya tambaye ni nawa ke gare ni. Na ƙi faɗa, na ce ya nuna mini kaya tukuna, wai kada ya raina ni. Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ɗauko wani ɗan farin agogo na ƙarfe, ba ado ba ƙyalli. Na yatsine fuska. Sai ya ce, "Kai tela ne, ko? Riga, ina kake duba, gaba ko baya?" Na ce baya, don kowa ya san a bayan ɗinki ake gane tela. Ya ce, "To, duba baya." Ya buɗe murfin, ya miƙo mini gilashin da yake sa wa a ido. Na ga cikinsa tsaf, komai a mazauninsa, wani ɗan abu yana ta kai da komowa ba gajiya. Na gani da idona, Abba. Sana'ata ce ya yi mini magana da ita. Duk da haka na ce zan dawo, na fita.

Kasuwa na nufa. Wani mai tebur ya nuna mini agogo rawaya mai walƙiya, babba, ya rantse shi ma daga Jamus ya zo, ga rubutu nan a fuskarsa. Ban ce ya buɗe ba. Na biya na ɗaura, na dawo shago ina naɗe hannun riga ba gaira ba dalili.

Bayan sati uku na je gaida iyayen mahaifiyarka a Jos Jarawa, lokacin ana maganar aurenmu. Ruwa ya kama ni a hanya, irin na Jos da ba ya sallama. Kafin in isa agogo ya tsaya, na kuma san ya tsaya. Na shiga zaure, ga dattawa zaune, na durƙusa, amma hannun nan nawa bai daina neman a gan shi ba. Kakanka na wajen uwa ya ce, "Samari, ƙarfe nawa?" Na duba kamar gaske na ce, "Huɗu saura kaɗan, Baba." Ya ce in matso. Ya kama hannuna ya juya. Agogo na kan biyu da kwata, fatar hannuna kuma ta yi kore shar saboda fentin da ya zuba. Ya ce, "Agogon naka gajiya ya yi, ko mu yake jira?" Zaure ya ɗauki dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Har ya rasu, in ya ga na shigo sai ya ce ga mai biyu da kwata nan.

Don haka in ka shiga shagon tsohon can da ka ambata, abu na farko ka faɗa masa abin da ke aljihunka, ba ƙari ba ragi. Mai sana'ar kirki ba ya raina mai ƙaramin kuɗi, wanda ke ɓata masa lokaci da ƙarya yake rainawa. Ni ma a shagona haka ne: wanda ya ce ga yadina ga ƙarfina, shi nake yi wa aikin da ya fi kyau. Sannan ka ce ya buɗe maka baya ka gani. Kai mai koyon inji ne, in ka ga cikin abu za ka san ko aikin hankali ne. Ruwan gwal kuwa ka manta da shi. In na gaske ne, ka san namiji Musulmi ba ya sa zinariya, kuma kuɗinka ma ba su kai ba. In fenti ne, ka ji abin da ya yi wa hannuna. Da ɗan kuɗi, ko dai ka sayi fuska ko ka sayi inji, ba za su ishe ka duka biyun ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, kuma shi ne ya fi kama da naka.

Bayan aure na sake tara ɗan abin da na tara, na koma wurin Baturen da kunyata. Bai ce mini komai ba kan na baya. Ranar akwai mutane a shagon, wasu manyan ma'aikata biyu 'yan Rayfield masu kwat da lakatai, suna ta Turanci. Ya fito da agogo biyu, farin nan na ƙarfe da wani siriri mai madaurin fata baƙa, kyakkyawa. Ya ce, "Hannu naka, ruwa yana taɓa?" Tambaya ce mai sauƙi. Amsarta ita ce sau biyar kullum, har gwiwar hannu. Amma na dubi masu kwat ɗin nan, sai na ji in na ambaci alwala a nan za a ɗauke ni bagidaje. Na ce, "A'a, oga. Ni tela ne, ba ruwana da ruwa." Ya ce to, in haka ne mai fatar ma zai yi. Na ɗauka.

Ka ji wauta? Na ji kunyar alwala a gaban mutanen da ko kallona ba su yi ba.

Da farko ina kwancewa in ajiye a kan buta. Sau biyu na manta da shi a bakin famfon masallaci, Allah ya sa masu tsoron Allah suka tsinta. Ranar Juma'a kuwa, cikin cunkoso, wa zai ajiye agogo a ƙasa? Sai na koma matsar da shi sama in yi abina. Kafin damina ta fita gilashin ya yi gumi ta ciki, ba ka ganin lamba sai ka karkata. Fatar ta jiƙe ta bushe, ta jiƙe ta bushe, har ta fara wari. Mahaifiyarka tana amarya, mai kunya ce a lokacin, amma wata rana ta ɗauke shi da yatsu biyu ta ce, "Malam, don Allah wannan abin ya riƙa kwana a waje."

Na mayar wa Bature. Ya sunsuna, ya buɗe, ya ga tsatsa ta fara. Ya ce ruwan me. Na sunkuyar da kai na ce alwala. Wallahi ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi ja haka ba. Ya buga tebur ya ce, "Sau biyar! Kullum sau biyar! Kuku nawa yana yi, direba nawa yana yi, ni na sani tun kafin an haifi kai. Me ya sa ka ɓoye? Ni na tambaya don in ba ka abu mai kyau, kai ka yi ƙarya!" Bature ne ya tsaya yana yi mini faɗa don na ji kunyar addinina. 

Da ya huce ya karɓi mai fatar, ya ɗauko farin nan na ƙarfe, wanda ya nuna mini tun ranar farko, ya ɗaura mini da kansa. Ya nuna mini yadda zan sassauta sarƙar in matsar da ita, ruwan alwala ya ratsa ko'ina. Cikon kuɗin na yi masa da ɗinki, labulen gidansa da rigunan aiki. Shi ne agogon da ka bari a kan taga. Sau biyu na guje shi, na sha wuya, na dawo gare shi.

To, kai ma tsohon can zai tambaye ka, in mai sana'ar gaske ne. Ka buɗe baki ka faɗa masa. Ka ce kana alwala sau biyar, ka ce hannunka cikin man inji yake yini, ka ce in ka gama gida za ka dawo, garin da ake ruwa wata shida. Ka nemi wanda ruwa ba ya shiga, mai sarƙar farin ƙarfen da ba ya tsatsa. Ka tambaye shi ko in ya lalace mai gyara a Jos zai iya, ko sai an mayar Jamus, don in sai an mayar, ka sayi wahala. Mai batir ya fi araha kuma ba laifi ba ne, ban ce dole sai wanda ake murɗawa a yi masa wani irin nawa ba, amma ka tabbata batirinsa irin wanda ake samu a nan ne. In yana da wanda aka taɓa amfani da shi, ya gyara da kansa, kada girman kai ya hana ka dubawa. Ka karɓi rasit da takardar garanti ka adana. Kuma kada ka saya ranar da ka fara gani. Ka je ka kwana, ka dawo kai kaɗai, ban da abokan nan naka masu zuga mutum ya kashe abin da ba su za su ji yunwarsa ba.

Abin da ya fi duka: kada ka rage kanka don ka shiga idon kowa a can. Wanda ya ji kunyar agogon ubansa tun bai hau jirgi ba, ina tsoron abin da zai ji kunya in ya sauka. Yau agogo ne. Gobe lokacin salla zai yi a wurin aiki, ka dubi Turawa ka ce bari sai an tashi. Na san hanyar nan, na bi ta, shi ya sa nake maka ihu.

Akwai wata ƙaramar wauta da zan faɗa maka don na san hannunka da ƙaiƙayi. Wata shekara na ga agogon yana ɗan jinkiri. Na ce ai inji inji ne. Na sa bakin almakashi na ɓalle murfin, na ɗiga masa man keken ɗinki, ɗigo biyu. Kafin azahar ya tsaya cak. Bature ya kwana uku yana wanke shi, da na je karɓa ya ce, "Wannan ba keke ba ne. Kai ɗinka riga, ni gyara agogo." Tun daga ranar ban sake buɗe shi ba. Kai ma don an koya maka kwance injin da ya fi ɗaki girma, ba shi ne ka iya wannan ba. Ka bar wa masu shi.

Saura ɗaya. Na yi ta juya biro kafin in rubuta, don ko mahaifiyarka ban taɓa faɗa mata ba.

Kakanka, mai sunanka, lebura ne a ramin kuza. Da kansa ya yi ta ɗaukar kwanon ƙasa har gashin tsakiyar kansa ya ƙare, da wannan ya biya aka koya mini ɗinki. Bai taɓa mallakar agogo ba. Jiniyar kamfani ce agogonsa, in babu ita ya dubi inuwa, kuma bai taɓa makara salla ba. Wata rana ya zo shagona, akwai masu jiran ɗinki a kan benci. Ya zauna yana kallon hannuna, can ya ce, "Ɗan ba ni agogon nan in ɗaura gobe, za ni ɗaurin aure." Na ce, "Haba Baba, kai da ba ka san ƙarfe ba, me za ka yi da agogo?" Mutane suka yi dariya. Shi ma ya yi, ya ja hannun rigarsa ya rufe hannun da ya riga ya miƙo. Ya ɗan zauna kaɗan, ya ce bari ya je.

Bai sake tambaya ba. Da ciwo ya kwantar da shi na kai masa, na ce Baba ga shi ka ɗaura. Hannun ya rame, sarƙar tana zamewa har gwiwa. Ya ce, "Bar shi, ya fi yi maka kyau." Bai tashi daga wannan ciwon ba. Bayan wata bakwai aka haife ka, na sa maka sunansa.

Ranar da na ɗaura maka agogon nan a zaure, a raina hannun mahaifina nake ɗaura wa. Na ce yau dai na cika abin da na hana. Sai ka bar shi a kan taga. Da Hadiza ta miƙo mini, na ji abin da tsohon nan ya ji a kan benci, kuma na san ban fi ƙarfin a yi mini ba. Ina fushi da kai, ina fushi da kaina, ban san wanda ya fi yawa ba. Ni na jira har lokaci ya ƙure kafin in gyara. Kai ubanka yana nan da ransa, a Laranto, kan kekensa. Ban ce ka ba ni haƙuri a waya ana jin ka ba. Ka sami takarda ka rubuto mini da hannunka, ka faɗa mini wane agogo ka zaɓa da dalilin da ya sa, da abin da ka ce wa tsohon da ya tambaye ka ruwa. Daga nan zan san wane ne na tura Jamus.

Agogon kuwa ban mayar hannuna ba. Abin da na bayar na bayar. Mahaifiyarka ce ta ɗauke shi. Tun da ka gaya mata a waya cewa a wannan lokacin kun riga mu da awa ɗaya, ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, matsar mini da shi gaba, ya koma lokacinsu." Na ce ba zan yi ba. Agogon da duk layin teloli ke saita nasu da shi, wanda ladan ke leƙowa ya tambaya, shekara talatin ban bari ya yi ƙaryar minti biyu ba, shi zan mayar ya yi ta awa guda? Ta ci gaba da tsayuwa. Na karɓa na matsar.

Yana nan rataye a ƙusa a ɗakinta. Ta duba ta ce yanzu Abba ya fita aiki, ta duba ta ce yanzu suna cin abinci. Ita ba ta iya murɗa shi ta yi masa wani ba, don haka kullum bayan asuba ni nake shiga in yi, ina yi ina tsaki.

Allah ya tsare ka, ya tsare maka sallarka da lafiyarka, ya sa albarka a abin da ka je nema, ya dawo mana da kai muna raye. Allah ya yi maka albarka, ko ina fushi wannan ba zan hana ka ba. Yanzu na leƙa ɗakin, agogon ya ce biyar ta wuce a wurinku, ka tashi daga aiki ke nan. Ka duba hanya da kyau kafin ka tsallaka.

Wassalam.

Mahaifinka.